Tawadar Ta'aziyya a Bikin Tsoho Genzo

Har yau a unguwar, in aka ce "mai yi wa rayayye ta'aziyya," kowa ya san Tokuji ake nufi. Shekara talatin yana koyar da rubutun buroshi kafin hannunsa ya fara rawa. Da amininsa Genzo ya cika tamanin da takwas, sai Tokuji ya sa jikarsa Koharu, 'yar shekara bakwai, ta rubuta masa kalmar taya murna a bayan ambulan. Ita kuwa a bidiyon yara ta koyi rubutu, inda wani kwaɗo da wata fatalwa na wasan gem ke zana haruffa. Fatalwar ce gwanarta, kuma rubutunta fari-fari yake fita. Sai Koharu ta tsinka tawadar da ruwa. Tsinkakkiyar tawada kuwa, a al'adarsu, ta gidan makoki ce, alamar hawaye ya zuba a ciki. Tokuji bai sa tabarau ba, ya miƙa ambulan gaban jama'a. Genzo ya duba, ya ce, "Ai ka yi gaggawa, ban gama shirin tafiya lahira ba."

Ranar Tokuji ya ƙwace kwamfutar hannun Koharu. Sati guda ke nan, ga shi yau ta zo karɓa kafin jirgin ƙasan ƙarfe huɗu.

"...lafiya lau, Jiji. Ya ƙarin haƙuri?" ta ce tana cire takalmi a bakin ƙofa. Jiji take kiran kakan nata.

"Haƙurin me, uwar iyayi?"

"Na rashin Tsoho Genzo mana. Na gan shi yanzu yana ba furanni ruwa. Mamacin ya yi ƙiba."

"Ji bakinta! Ɗalibar kwaɗo. Ni da na yi shekara uku ina niƙa wa malamina tawada kafin ya bar ni in taɓa buroshi, yau jikata a wurin mai tsalle a kududdufi take ɗaukar karatu."

"Shi dai kwaɗon bai taɓa dukan kowa a hannu ba. In ka yi daidai ma tauraro yake bayarwa. Kai me kake bayarwa? Koren shayi mai ɗaci."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

"To ga ambulan a tafin hannunka, babba bai hango ba. Da ka hau rimin, wataƙila."

Tokuji ya yi tari ya gyara zama a kan tabarma.

"Ke kika zuba ruwan."

"In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya bar tabarau a banɗaki?"

"Tabarau na hutawa ne. Ya girme ki."

"Komai na gidan nan ya girme ni, har wainar shinkafar da ka ba ni wancan satin. Da ita Mama ta kafa ƙusa."

"To kwamfuta ba za ta fito ba. Na kulle ta a akwati, na jefa makullin a teku, kifi ya haɗiye, Genzo ya cinye kifin."

"Laifin babba rowa, Jiji. Gobe malama za ta gwada mu haruffa goma. In na faɗi, zan ce jikar Malam Tokuji ce, shi ya koya mini."

Wannan ta taɓa shi. Bai kai ga amsawa ba sai wata siririyar murya ta fito daga ƙarƙashin matashin da yake zaune a kai: "Madalla! Ka samu tauraro!"

Koharu ta zaro ido. "Jiji, kifin ya yi magana."

"Cikina ne. Tsufa."

Ta sa hannu ta zaro kwamfutar da ɗuminta. Ta shafa fuskar, ta tsaya.

"A darasi na goma sha biyu na bar shi. Wa ya kai shi na arba'in da ɗaya? Kai, har da taurari ɗari da shida! Ashe ɗaliban kwaɗo biyu ne a gidan nan, ɗaya da furfura."

"Yatsa ne ya zame."

"Sau ɗari da shida?"

Gaskiyar ita ce a kan gilashin nan, da yatsa ɗaya, layinsa na fita a miƙe kamar da, rawar hannun ba ta nunawa. Amma wanzami ba ya son jarfa. Ya fashe da dariya har tabarau ya zamo masa kan hanci, ya jawo sabon buroshi daga aljihun tebur ya ɗora mata a kan kwamfutar.

"Ɗauki kayanki kada jirgi ya tafi. Buroshin kuma ban da ruwa."

"Na gode, ɗan ajinmu. In gaida maka malam?"

"Wane malam? Bibiyarsa nake in kama shi da kuskure. Darasi arba'in da ɗaya, ɗan banzan bai yi ko ɗaya ba. Ki dawo mini da shi ran Asabar, a na arba'in da biyu zai faɗi."