Rasuwar Kore, Firijin Garejin Orest

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gareji mai cike da warin narkakken naman barewa, iyalan Orest Hrynkiw na garin Kettle Narrows da ke Saskatchewan suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar firijinsu na gareji, wanda aka fi sani da Kore. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, bayan jinyar wata uku da rabi. Ya rasu yana da shekara arba'in da ɗaya a duniya.

Marigayin ya fara aiki ne a kicin ɗin mahaifiyar Orest. Da tsohuwar ta rasu aka kawo shi gidan ɗanta, sai Lorna, matar Orest, ta dube shi sama da ƙasa ta ce ita dai wannan launin ba zai kwana a kicin ɗinta ba. Bai yi musu ba. Ya koma gareji, tsakanin tayoyin rani da injin yanke ciyawa, ya yi zamansa shekara ashirin da biyu ba tare da ya kai ƙarar kowa ba.

Duk wanda ya san Kore zai yi masa shaidar alheri. Da rani yakan sanyaya kwalabe, da hunturu kuma, in gari ya kai inda yawu ke daskarewa kafin ya taɓa ƙasa, shi ne ke hana kwalaben fashewa. Bai taɓa faɗa wa Lorna adadin da ya shiga cikinsa da adadin da ya fita ba. Ba shi da yawan magana. Yakan ce “ƙyas,” ya yi shiru, sannan ya ja dogon “hummm” kamar dattijon da ya ji zancen yara bai gamsu ba.

Amma babban aikinsa a ƙofarsa yake. Shekara goma sha tara ke nan maza takwas na garin nan suna haɗuwa a garejin Orest a Asabar ta farkon Oktoba, su zauna kan bokitai, su yi ta zaɓen 'yan wasan hoki, wasan sanda da ake yi a kan ƙanƙara, na babbar gasa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya haɗa ƙungiyarsa ta takarda. In ɗan wasanka ya jefa ƙwallo a raga ka sami maki, in shi ya miƙa aka jefa ka sami maki. Ƙarshen kakar wasa, wanda ya fi maki ya tafi gida da kofin, wato tsohon takalmin ƙanƙara da aka kafe a kan katako. Wanda ya zo na ƙarshe kuwa ya ɗauki shebur ya kwashe wa zakaran dusar ƙanƙarar ƙofar gida duk hunturu mai zuwa. Sunayen 'yan wasan duka a kan maganaɗisu ake rubuta su a manna wa Kore, shi kuma ya riƙe amana. Duk Asabar mazan nan sukan dawo, a kunna hitar ɗumama ɗaki, a kalli wasa, a matsar da sunaye, a zagi juna.

Orest yana da aƙida ɗaya, kuma kowa a garin nan ya haddace ta ba da son ransa ba. Ba ya zaɓen ɗan wasa shi kaɗai. Sai dai ya kwashi mutum uku da ke fita fili tare a layi guda: na hagu, na tsakiya, na dama.

“Ku yi lissafi mana,” yakan ce, yana ƙwanƙwasa ƙofar marigayin da yatsa. “Wannan ya ba wannan, wannan ya ba wancan, wancan ya jefa. Ƙwallo ɗaya, maki uku. Ku kuna tsintar ɗaiɗai kamar kaji.”

Lissafin yana da kyau a baki. Abin da Orest ya ƙi yarda da shi shi ne, ranar da layi ya yi sanyi, su ukun ne za su yi sanyi tare. Kuma can a birni akwai koci, wanda bai ma san an haifi Orest ba, da zai tashi wata safiya ya wargaza layin don kawai ransa ya ɓaci. A shekara goma sha tara Orest bai taɓa ɗaga takalmin nan ba. Sau shida yana zuwa na ƙarshe. Kusan babu ƙofar gidan da bai san tudunta da kwarinta ba.

Masu hankali sun san daga ina ciwon ya samo asali. A shekarar 1979 yaran Kettle Narrows suka ci kofin gunduma, karo na farko kuma na ƙarshe, da ƙwallo ɗaya tak. Delbert Froese, ƙanen Lorna, shi ne a hagu. Ya miƙa wa Alphonse Gaudet a dama, Alphonse ya miƙa wa Orest a tsakiya, Orest ya rufe ido ya buga. Tun daga ranar ya yi imani cewa mutum uku in sun saba da juna ba a raba su. Shi ya sa sauran mazan ba sa taɓa masa na ukun layinsa in ya ɗauki biyu. Rabin dalilin tausayi ne. Ɗaya rabin kuwa, in Orest na nan, ba wanda ke fargabar shebur.

Ciwon ajalin Kore ya fara ne ranar zaɓen bana. Orest ya ƙyalla ido a kan wani layi da yake cewa bai ga irinsa ba tun nasu: Mai Giɓi a tsakiya, Jan Gemu a dama, ɗan Finland a hagu. Saboda tsabar sakankancewa, tun jajibirin zaɓe ya liƙe sunayen ukun a ƙofar marigayin da gam mai ƙarfi, irin wanda ake ɗinke kwale-kwale da shi. Ya ɗauki Mai Giɓi. Aka zagayo ya ɗauki Jan Gemu. Aka sake zagayowa, saura mutum ɗaya a zo kansa, sai Delbert ya kurɓi kofi ya ce, “Ni a ba ni ɗan Finland.”

Marigayin ne kaɗai ya ce “ƙyas.”

“Delbert, wasa kake yi,” in ji Orest.

“Wane wasa? Yaron ya iya. Ko an rubuta sunanka a goshinsa?”

“An rubuta a firijina. Ga shi nan kana gani, na liƙe.”

“To ka ɓamɓare mana, maigida. Mu ba mu zaɓi gam ba.”

“Kai fa na hagu ne,” in ji Orest. “Kai da kanka ka san abin da ake nufi da na hagu.”

Alphonse ya ce a yi haƙuri, a ci burodi. Ba wanda ya saurare shi. Orest ya ɗauko sukundireba ya soka a ƙofar Kore, ya ɓamɓare sunan ɗan Finland tare da fenti da ɗan tsokan ƙarfe, ya wurga wa Delbert a ƙirji. Sannan ya buɗe ƙofar ba don yana son komai ba, ya maido ta da ƙarfin da ya sa robar bakin ta zazzago. Delbert ya sa maganaɗisun a aljihu ya fita. Tun ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su ba, ko a coci, ko a layin gidan waya.

Daga nan zaman Asabar ya watse. Mutum ba zai zauna tsakanin surukai biyu masu gaba ya ji daɗin wasa ba. Kowa ya koma duba makinsa a waya, har aka fara cewa baɗi ma a yi zaɓen ta waya kowa a gidansa, a huta. Wannan magana ta fi komai ci wa Orest rai, amma girman kai ya hana shi cewa uffan. Tunda ba mai zuwa, ba wanda ya ƙara kunna hita. Sanyi ya shiga gareji ya zauna. Kore ya fara tari, “kaf-kaf-kaf,” ya daina jan dogon “hummm” ɗinsa. Mai gyara ya zo ranar Litinin, ya durƙusa ya saurari bayansa, ya miƙe ya cire hula. Ya ce man injin ya daskare, injin ya yi ta fama shi kaɗai har ya ƙone. Washegari Orest ya kunna hita ya zauna kusa da shi, amma an makara. Abin da hitar ta iya yi kawai shi ne narkar da naman barewa. Kore ya ce “ƙyas” sau ɗaya, bai ƙara ba.

Wajibi ne a faɗi wani abu a nan, ko da yake Orest ya roƙi a bar shi. Da aka ƙwace masa ɗan Finland, dole ta sa ya ɗauki wani na hagu daga wata ƙungiya dabam, yaron da bai taɓa jin sunansa ba. Yaron nan ya hana raga hutawa. A yau Orest ne na biyu a gasar, matsayin da bai taɓa takawa ba, kuma wannan nasara tana baƙanta masa rai fiye da duk faɗuwarsa shida. Ɗan Finland kuwa ya karye a idon sawu tun Nuwamba. Delbert ne na ƙarshe.

Marigayin ya rasu ya bar Orest, da Lorna wadda ta ce ta yafe masa launinsa, da ƙanensa injin daskarewa da ke ɗakin ƙasa, da kwalabe goma sha ɗaya, da tulun kokwamba mai tsami wanda ba wanda ya tuna shekarar da aka sa shi. Ya bar maganaɗisu ɗari da ashirin da bakwai, da tabo ɗaya a gefen hagu.

An so a yi jana'iza tun Laraba, sai aka sami matsala. Firijin zamanin da ba irin na yanzu ba ne, ƙarfe ne zalla. Orest ya kama tsakiya, Alphonse ya kama dama, suka ɗaga, sai mamacin ya karkata hagu ya kusa danne injin ciyawa. Sau uku suna gwadawa. Lorna ta leƙo, hanci a toshe, ta ce in Asabar ta wuce yana nan za ta kira masu kwasar ƙarfe su ja shi da sarƙa, garejin kuma ta cika shi da tukwanen furanni.

“Ka kira Delbert mana,” in ji Alphonse, yana dafe da ƙugu.

“Ko zan mutu a ƙarƙashin firijin nan.”

“Saura kaɗan ai.”

Jiya Alhamis da rana, Orest na zaune kan bokiti yana kallon tabon, sai ga a-kori-kurar Delbert ta tsaya. Ya shigo da hula a hannu, ya tsaya gaban gawar.

“Ashe Kore lokaci ya yi. Sannu da haƙuri.”

“Kai ka kashe shi.”

“Ni na riƙe sukundireba?” Delbert ya ja bokiti ya zauna. “Bari in faɗa maka, tsoho. Bara na wuce ta ƙofar gidan Alphonse, na gan ka da shebur, ka tsaya ka dafa bango kana haki. Shekararka sittin da uku, bayanka ya gama aiki. Na ce wallahi mijin yayata ba zai faɗi a dusar ƙanƙarar wani saboda taurin kai ba. In ba a fasa maka layin nan ba, ba za ka daina zuwa na ƙarshe ba.”

Abin ya taɓa Orest, kuma ya ji haushin yadda ya taɓa shi.

“To ga shi kai ne na ƙarshe.”

“Na gani. Shebur ɗinka yana da kyau?”

“Bakinsa ya lanƙwashe.”

“Haka zan karɓa.”

Delbert ya laluba aljihu ya fito da maganaɗisun, har yanzu da koren fenti a bayansa, ya ɗora shi daidai kan tabon. Ya zauna daram. Orest ya tashi ya kunna hita, wai don sanyi na sa masa hawaye.

Za a yi jana'iza gobe Asabar da ƙarfe goma na safe. Za a ɗauki mamacin daga gareji zuwa bolar gari, sashen ƙarafa, kusa da injinan wanki. Kamar yadda doka ta tanada, za a cire ƙofar kafin a kai shi, saboda haka ƙofar ba za ta bi shi ba. Orest ya riga ya kafa ƙusoshi huɗu na rataye ta a bangon gareji, kuma Lorna ta gani ta yi kamar ba ta gani ba. Bayan an dawo za a yi zaman makoki a garejin, da kofi da burodi mai ƙwai, har zuwa lokacin da za a fara wasa. Kowa ya zo da bokitinsa. Iyalan sun roƙi kada a kawo furanni, a kawo ƙanƙara a cikin kula.

Masu ɗaukar gawa su ne: a dama, Alphonse Gaudet. A tsakiya, Orest Hrynkiw. A hagu, Delbert Froese, wanda ya ce a rubuta a nan kowa ya gani cewa ɗan Finland nasa ne har yanzu, aro kawai ya bayar.