Rimot Marar Batir

Jama'a, ranar Talatar da ta wuce na kafa tarihi: na buga gem, wato wasan na'ura, a gaban manyan mutane, na kuma ci, alhali hannuna na cikin aljihu. Ku bari in faro muku daga tushe.

Da sassafe na ɗauki jarka na nufi gidan mai, don janareta ya samu abin sha, Auta ta yi cajin laftof ɗinta. Awa huɗu ina layi tare da maƙwabcina Mai Faci. Saura mutum biyu a zo kaina, mai zuba man ya rataye tiyo ya ce ya ƙare. Na bar wa Mai Faci jarkar ya riƙe min layi, na koma gida da ƙamshin fetur kawai.

Auta ita ce 'yata ta ƙarshe. Shekara biyu ta yi tana haɗa wani gem na waya. A cikinsa mace ce a kan babur da kiret ɗin ƙwai, aikinka ka kai ta gida ta cikin ramukan titi ba tare da ƙwai ya fashe ba. A ranar ne kuma Kwamitin Haɓaka Wasannin Na'ura, Allah ya ƙara masa kujeru, ya gayyaci matasa su nuna aikinsu. Goma daga ciki za a ba su tebur a sabuwar cibiya, inda aka rantse wuta ba ta ɗaukewa. Auta ta riga ta gaya min: “Baba, in ban samu teburin nan ba, na haƙura. Zan karɓi aikin shagon Kawu, in riƙa buga wa mutane takardu.” Caji arba'in bisa ɗari ya rage mata, shi muka lallaɓa muka tafi da shi.

Zaure ya yi zaure. Na'urar sanyi takwas na ƙirga. Layin gaba na 'yan jaridar gem ne, kowa da jakar kyauta a cinya. Babbansu shi ne wanda matasa ke kira Goma-Bisa-Goma. Auta ta ce bai taɓa ƙarasa gem ko ɗaya ba, jakar yake ɗagawa ya ji nauyinta ya yanke maki. Ni dai ban ga laifinsa ba, kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Muna zaune a baya sai ga wani jami'i mai igiyar katin aiki a wuya yana shinshina iska. Ya tsaya a kaina.

“Baba, kai talaka ne?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, gado ma na yi.”

“Madalla. Tun ɗazu muke neman guda ɗaya.”

Ashe Kwamiti ma ya yi nasa gem ɗin, ana so a nuna wa duniya cewa ko tsoho mai furfura zai iya bugawa. Aka ja ni kan dandamali kusa da Mai Girma Shugaban Kwamiti, Garkuwan Matasa, Fitilar Zamani, wanda ya makara da awa uku kacal. Aka danƙa min rimot. Ina karɓa na ji shi sakayau. Na shekara talatin ina gyaran rediyo, na san nauyin abin da ba batir a cikinsa. Na buɗe baki, jami'in ya raɗa min, “Kai dai danna.”

Na danna. A allo wani jarumi mai kama da Mai Girma, sai dai babu tumbi, ya fara gudu. Inda ya taka sai kwalta ta shimfiɗu, inda ya nuna sai asibiti ya tsiro. Na danna hagu, ya yi dama. Aka tafa. Na danna dama, ya yi tsalle ya gina gada. Aka sake tafawa.

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Mai Faci ne, kuma mai riƙe maka layi ba a ƙin ɗaukar kiransa. Na ajiye rimot a kan tebur, na laluba aljihu.

“Tanka ta iso, ka yi sauri,” in ji shi.

Na ɗaga kai, jarumi na can yana raba wa marayu kwamfuta. Rimot na kan tebur, ni ina riƙe da waya, kowa na gani. Na ce a raina, yau dai ramin ƙarya ya ƙure.

Ina! Goma-Bisa-Goma ne ya fara miƙewa yana tafi. Mai Girma ya jawo lasifika ya ce, “Kun gani da idonku. Mun ƙirƙiro wasan da ba ya wahalar da talaka. Ko ya danna ko bai danna ba, aiki na tafiya.” Sai da bango ya amsa.

Daga nan aka ce lokaci ya ƙure, Mai Girma zai kama jirgi, matasa su bar sunayensu a ƙofa. Su wajen sittin, ba wanda ya buɗe laftof. Washegari jerin goman ya fito, babu sunan Auta. Bakwai sunan mahaifinsu ɗaya da na 'yan Kwamiti, wanda na tabbata haɗuwar jini ce kawai.

Sharhin Goma-Bisa-Goma ma ya fito. Gem ɗin Kwamiti goma bisa goma, “sabon babi a tarihin nahiya.” Har da hotona, an rubuta “wani dattijo cikin farin ciki.” Abin da ya fi burge ni shi ne ya yi sharhin na Auta, wanda bai fita daga jaka ba. Uku ya ba ta. Ya ce ramuka sun yi yawa, suna ɓata mana suna a idon baƙi, kuma babban aibinsa shi ne mai bugawa zai iya faɗuwa. Wannan basira ta ganin abin da ke cikin rufaffiyar jaka, ko boka sai ya sara masa.

Na so in yi dariya, ban iya ba. Auta ta karanta sau biyu, ta naɗe wayar caji a hankali ta sa a durowa. Ba ta yi kuka ba, ni ne na fita tsakar gida. Ranar Litinin ta fara zuwa shagon Kawu. Wallahi abin ya ci min rai, har yanzu yana ci.

Kafin ta rufe laftof ɗin na roƙe ta ta sa min gem ɗin a wayata. Jiya a layin mai na fasa ƙwai ya fi kiret hamsin. Mai Faci ya karɓa ya fasa nasa, wani direban tasi ya ƙwace, har aka matsa gaba bai sani ba.

Mai Faci ya ce, “Wai kai me kake ji a wasan da kullum kai ne a ƙasa?”

Na ce, “In na danna hagu, hagu take yi. In ƙwai ya fashe, ni na fasa. Shekarata sittin da ɗaya, ban taɓa danna wani abu ya saurare ni haka ba.”

Da na dawo na gaya wa Auta mutum tara sun buga. Ta tambaye ni ko akwai wanda ya wuce rami na huɗu, na ce babu. Ta yi ɗan murmushi ta ce dama ta san ya yi faɗi da yawa, da ta gyara. Sannan ta ci gaba da goge kayan da za ta sa washegari zuwa shago.

Na ji an ce baɗi, lokacin zaɓe, su Mai Girma za su sake zagayowa gida-gida, su miƙa wa kowa rimot su ce ya danna wanda yake so. Ni ba na hana kowa dannawa. Amma ɗan'uwa, kafin ka danna, juya bayansa ka buɗe murfin.