Izak Minderhoud, Sarkin Ruwan Tudu

A garinmu Vlissingen muna da abubuwan tarihi daidai gwargwado: hasumiyar tsohon kurkuku, injin niƙa mai fikafikai a bakin teku, da mutum-mutumin babban jarumin ruwa da ya zuba wa jirage ido. Amma duk cikinsu babu wanda ya kama ƙafar Izak Minderhoud. Shi ma ya san haka, kuma bai taɓa ɓoye mana ba.

Labule yake sayarwa a da. Da ya rufe kanti sai ya sayi hular matuƙan jirgi, ya naɗa kansa jagoran baƙi. Mu kuma muka naɗa shi Sarkin Ruwan Tudu, domin ko jirgin fito ya shiga sai an riƙe masa bokiti.

Ilimi kam sai wanda ya gani. Yakan tare baƙi a gindin hasumiya, ya dafa bango ya ce, "Ba don ni ba, da tuni ta rushe. Kullum sai na zo na dube ta." Wani Bajamushe ya taɓa tambayarsa yaushe aka gina ta. Izak ya kalle shi da tausayi ya ce, "Tun ba a haife ka ba." In kuwa suka iske injin niƙa a tsaye don babu iska, sai ya rage murya: "Jira yake in gama magana."

Ana nan sai ƙungiyar kishin tarihin gari ta ce za ta zaɓi jagora guda, ta maƙala masa lambar tagulla a ƙirji. Izak ya daina barci. Ya yanke shawarar nuna wa shugabar ƙungiyar, Tannetje Wisse, cewa shi jinin jarumin ruwan nan mai mutum-mutumi ne.

Matarsa Jacomina ta ce, "Izak, kakanka fa dankali yake nomawa."

"Yana noman yana kallon teku," in ji shi.

Ranar zaɓe ya yafa jan mayafi, ya hau akwatin kifi a gefen mutum-mutumin, ya turo ciki, ya ƙame don a ga kamannin. Tannetje na isowa da mutanenta, wani ƙaton tsuntsun teku ya sauka a kan hularsa, ya gyara tsayuwa, ya sako abin da ya ci tun safe. Abin ya gangaro ta hanci zuwa gemu. Izak bai motsa ba, don jarumi ba ya motsi.

Tannetje ta dube shi ta ce, "Jagora yawo yake yi, Izak. Kai kuwa tsayuwa ta fi karɓarka." Wata malamar makaranta aka ba lambar.

Da yamma ya tara mu a ƙofar gidansa ya yi mana bayani. "Tsuntsayen nan ba sa yi wa kowa haka sai manyan tarihi."

Daga ciki Jacomina, tana cuɗa mayafin a baho, ta ce, "Har kwandon sharar tasha suna yi wa."