Barmo da Sawun Baƙo

Can bayan Agadas, inda rairayi ya cinye hanya, akwai wani dausayi mai rijiya ɗaya da gonakin dabino. Nan Barmo yake zaune gidan kawunsa Arzika, mutumin da ko inuwarsa ta matso sai ya dafe aljihu. Barmo kuwa, abin da aka faɗa masa shi ke nan, ba ragi ba ƙari. Da dabino ya nuna, kawu ya ja masa kunne: in amfanin bana ya salwanta, ramin gishiri zai tura shi haƙa.

Wata rana kawu ya nuna masa wata bishiya ya ce, "Kada ka ɗauke ido daga kanta." Barmo ya kafa mata ido har la'asar, awaki na bayansa suna wasoson dabinon da aka shanya.

"Ba ka ji su ba?"

"Na ji, Kawu. Na ma zargi ko ɓarayi ne, amma bishiya tana nan."

Wata rana kuma kawu ya ce duk wanda bai faɗi garinsu ba, kada ya sha ruwan rijiya. Sai ga ayarin gishiri. Madugu ya faɗi garinsu, ya sha. Barmo ya tare raƙuma yana tambayar su ɗaya bayan ɗaya.

"Kai, wannan lafiyarsa ƙalau?" in ji madugu.

"Dubi yadda suke kau da kai. Marar gaskiya ke nan!"

Wata rana wani baƙo mai naɗe da fuska ya sauka, wai sayen dabino ya zo. Kawu ya raɗa wa Barmo, "Ban yarda da shi ba. Inda ya sa ƙafa, sa taka."

Da hantsi baƙo ya sulale bayan tudun rairayi. Barmo ya bi, kai a sunkuye, yana auna ƙafarsa cikin kowane sawu. Ashe abokan baƙon na can suna ɗora wa raƙuma buhunan kawu. Ɓarawon hamada kuwa ba abin da yake tsoro irin gwanin bin sawu, don ba ya tafiya sai da jama'a a bayansa. Suna hango Barmo suka watsar da kaya, suka ranta a na kare.

Kawu ya dubi buhuna, ya dubi Barmo.

"Wa ya koya maka bin sawu?"

"Kai, Kawu."

Barmo dai ya tsira daga ramin gishiri. Kawu kuwa tun daga ranar, in zai fita sai ya ja reshen dabino a bayansa yana share sawunsa.