Ta'aziyyar Furosesa

Da surukina ya ce tsohuwar kwamfutarsa ta daina tashi, ba wanda ya tambaye ni, ni na yi caraf na ce, "Baba, wannan ai aikina ne." Duk ilimina bidiyo biyu ne da na taɓa kallo a waya, ɗayan ma barci ya kwashe ni a tsakiya.

Tun shekarun baya ya sayo ta a kasuwar Kongolam, kuma karatuttukan da yake yi wa ɗalibansa duk suna ciki. Na naɗe hannun riga, na kwance ta a tsakar gida, ƙannen matata sun kewaye ni. Na zaro memori, wato ma'ajiyar cikinta, na hure ƙura, na goge da hulata, na mayar, na kunna. Sai ƙauri ya tashi.

Na shinshina irin na ƙwararru, na sunkuyar da kai. "Baba, sai haƙuri. Furosesa ta ƙone, ita ce ƙwaƙwalwar. Ba za ta ƙara tashi ba."

Bawan Allah ya yi salati, idonsa ya kawo ruwa. Har na fara yi masa nasiha kan ƙaddara, sai surukata ta fito da gudu tana cewa, "Wayyo, wakena!" Tukunyarta ce ta kama a murhu. Kwamfutar kuwa tana bayana, ta tashi lafiya lau, tana sauraron ta'aziyyarta.

Har yau duk abin da ya kama a wuta a gidan, sai ƙannen matata su bugo mini waya: "Yaya Injiniya, zo ka shinshina mana, furosesa ce ko miya?"