Gwiwar Barau da Burodin Baba Nomau

Wani mutum ne a Bukuru wai shi Barau, mai kai wa masu shayi burodi a keke. Bakinsa ya fi kekensa gudu. In sanyi ya sauko, irin wanda ruwan randa ke yanka hannu, abokan aikinsa sukan zura wando biyu, su naɗe gwiwa da tsumma. Barau kuwa wando buje ɗaya tal yake sawa, ya bi su da dariya.

"Ku ji raggaye! Ni sanyi in ya hango ni, gaishe ni yake yi ya ratse!"

Alhali gwiwar Barau ta fi ta kowa raki. Kullum da safe sai ya laɓe bayan gidan burodi, ya zari manyan burodi biyu masu zafi, ya ɗaure ɗaya a kowace gwiwa da roba, ya saki buje a kai. In sun huce ya kwance a lungu, ya kai wa Baba Nomau mai shayi.

Ran nan ya makara, bai samu kwancewa ba. Ya iso teburin Baba Nomau, ga abokan aiki cike da benci suna kakkarwa. Gogan ya dafe keke, ya buga ƙirji ya fara cika baki.

Sai ga wata akuya. Ta shinshina, ta miƙe sak wajen ƙafarsa.

"Kai, tafi can!"

Ina! Ta kira 'yan uwa. Kafin ka ce me, awaki sun yi masa zobe. Barau ya yi tsalle zai haye keke, bakin buje ya shige sarƙa, ƙiii! Wando ya dare har cinya. Roba ta tsinke, tas! Burodi ya faɗo tim, ya lotsa a tsakiya, shatin gwiwa ɓaro-ɓaro. Ɗayan kuwa akuya na ci a jikinsa, yana ihu yana harbin iska.

Dariya har da masu faɗowa daga benci. Baba Nomau kaɗai bai yi ba. Ya ɗauki burodin, ya juya shi, ya dubi Barau.

"Kai ɗan nan, ka ci amanata! Kullum mutane na yaba burodina wai ya fi na kowa gishiri, ashe gumin gwiwarka nake yanka musu!"