Rasuwar Sai-da-Biyu, Bencin Ƙofar Gidanmu

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma ƙugu mai ciwo, ni Tasi'u masunci na Sabon Gari, Wudil, a madadin iyalina da maƙwabcina Malam Magaji, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar bencinmu, wanda aka fi sani da Sai-da-Biyu. Ya cika ranar Juma'a bayan la'asar, yana da shekara talatin da huɗu: talatin a ruwa, huɗu a tudu.

Marigayin asalinsa jirgin kamun kifi ne na itacen maɗaci, kuma da shi na ciyar da gidana. Da gwiwoyina suka ƙi aiki, na jingine shi a bayan gida, ni ma na jingine kaina a soro, ba na kula kowa. 'Yata Khaulat, mai karatun zanen gine-gine a jami'a, ta bari sai da na tafi biki Lajawa, ta kira Auta kafinta suka sa masa zarto. Na dawo na tarar da jirgina a ƙofar gida, an cire masa gefe ɗaya, an ɗora shi kan ƙafa mai lanƙwasa, an yi masa majingina da tsohuwar komata ta kamun kifi. A tsakiyarsa ta kafa ƙatuwar gora irin wadda masunta ke hawa a ruwa, yadda babu mai iya zama a nan. Mako uku ban amsa gaisuwarta ba.

Ranar da na sauko na zauna a gefe ɗaya, sai ya zubar da ni ƙasa. Khaulat ta ce, "Baba, haka aka tsara shi. Ba ya ɗaukar mutum ɗaya."

Malam Magaji ya ga faɗuwata. Shekara shida ba ma magana da shi saboda rigimar makwararar ruwa. Ya yi dariyarsa ta ishe shi, sannan da na sake gwadawa ya zo ya zauna a ɗaya gefen, wai ya nuna min iyawa. Benci ya daidaita. A nan muka gane cewa duk wanda ya miƙe ba sanarwa, ɗan'uwansa ƙasa zai sha. Tun la'asar muke zaune kowa ya kau da kai, har aka kira magariba.

"Tasi'u, zan tashi," in ji shi.

Na ce, "To, mu tashi tare."

Tun daga ranar ba mu fasa zama ba.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya ɗauki mai rawani, ya ɗauki mai tallar gyaɗa, bai taɓa bambantawa ba sai ta fuskar nauyi. Ba shi da yawan magana. In hira ta yi daɗi yakan ce "ƙiii, ƙiii" a hankali, in kuwa musu ya yi zafi sai ya ce "ƙaƙas", kowa ya shiga taitayinsa.

Ciwon ajali ya same shi ne a Kano. An aro shi zuwa wani baje kolin fasaha, aka ajiye shi wata guda a ɗaki mai na'urar sanyi, aka haska masa fitila, aka rataya masa takarda mai cewa "Kada a zauna". Wanda ya saba da rana da jama'a, ya dawo mana shiru, da tsaga a bayansa. Auta ya yi iya ƙoƙarinsa da gam da ƙusa.

Ranar Juma'a Alhaji Ja'afar dillalin shanu, surukin Malam Magaji, ya biyo daga kara, kasuwar shanu, a gajiye. Mutum ne da Allah ya yi wa jiki. Kunya ta hana mu ce masa komai. Ya zauna a gefe ɗaya, ni da Magaji muka haɗu a ɗayan, duk da haka ƙafafunmu ba su taɓa ƙasa ba. Marigayin ya ce "ƙiii" sau ɗaya, doguwa, ya rabe biyu.

Ya rasu ya bar gora ɗaya, wadda ta gangara har bakin titi amma tana cikin ƙoshin lafiya, da kujerun roba uku da ba su gaji halinsa ba, da dattawa biyu. Ya kuma bar Khaulat, wadda tun jiya take cewa laifinta ne da ta kai shi Kano. Ba laifinki ba ne. Shekara huɗu ban ce miki na gode ba, ga shi yau na faɗa a rubuce.

Za a yi masa rakiya gobe Lahadi da hantsi, daga ƙofar gida zuwa murhun uwargidana Saudatu, wadda ta roƙi a ba ta shi ta yi bandar kifi. Duk wanda ya halarta zai samu rabonsa. An yafe wa Alhaji Ja'afar, amma an roƙe shi ya yi ta'aziyyarsa a tsaye. Sauran jama'a kowa ya taho da tabarmarsa, domin mai karɓar baƙin gidan shi ne a kwance.